Tafintan da ke cikin talho

Garin Ɗan Kassari yana bakin babbar hanyar kwalta, tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Ran kasuwa, rumfar mai cajin talho ba ta rabuwa da mutane. Nan ake sa wa batir wuta, nan kuma ake tura waƙoƙi da wa'azi da wasanni daga wannan talho zuwa wancan. Waƙa ba ta cika ba da wahala ba. In an tura ta, kusan kowane talho yana rera ta. Hoto ma haka. Amma manhaja, watau wasa ko wani aiki da aka tsara domin talho ya yi, sau da yawa takan ƙi. Ga ta tana aiki lafiya lau a talhon wa, an tura wa ƙane, ta ƙi buɗewa. Wani ya ce talhon ne ya lalace, wani ya ce mai turin ne bai iya ba, har a yi cacar baki a kan kuɗin turi. Galibi kuwa ba ko ɗaya. Talho lafiyarsa ƙalau, mai turi ya yi aikinsa. Matsalar ta harshe ce.

Harshen na'ura

Cikin kowane talho da kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu, bai fi farcen babban yatsa girma ba. Shi ne ke yin lissafi duka. Da Faransanci ana ce masa processeur, da Hausa ƙwaƙwalwar na'ura. Wannan ƙwaƙwalwa ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, ba ta jin Ingilishi. Lambobi biyu kaɗai ta sani, 0 da 1. Duk umurnin da za a ba ta, kamar "tara wannan da wancan", sai an jera shi da 0 da 1. Wannan jeri shi ne harshen na'ura.

Da harshen na'ura ɗaya ne a duniya, da an huta. Amma ƙwaƙwalwa dangi-dangi ce, kowane dangi da harshensa. Biyu sun fi yawa. Na farko shi ne x86, wanda kamfanin Intel na Amurka ya soma a 1978. Shi ne cikin yawancin kwamfutocin ofis. Na biyu shi ne ARM, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a 1985. Shi ne cikin kusan dukkan talho, domin ba ya cin batir da yawa. Jerin lambobin da ke nufin "tara" a wurin ɗaya, a wurin ɗayan shirme ne.

Ban da wannan, kowace na'ura tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Android. Ita ce kamar mai gida. Ƙaramar manhaja ba ta zana kome a fuskar talho, ba ta fitar da sauti, sai ta roƙi mai gida. Kowane mai gida kuwa da irin yadda ake roƙonsa.

Mutum ba ya iya rubuta dogon aiki da 0 da 1. Kafin ya kai layi ɗari ya ruɗe. Shi ya sa masana suka ƙirƙiro harsunan tsara manhaja, masu kalmomi da alamomin lissafi waɗanda mutum ke iya karantawa. FORTRAN ya fito a 1957, COBOL a 1959, C a 1972. In an gama rubutu da ɗayansu, sai wata manhaja ta musamman ta juya shi zuwa harshen na'ura. Tun wancan zamani ake burin a yi rubutu ɗaya ya yi aiki a na'urori dabam-dabam. A watan Disamba na 1960 an gwada aiki ɗaya na COBOL a kwamfutoci biyu na kamfanoni biyu, UNIVAC da RCA, ya tashi a dukansu bayan ɗan gyara. A lokacin abin ya zama babban labari.

Hanya biyu

A ce wani shugaba yana son aika saƙo zuwa garuruwa biyar: ɗaya na Hausawa, ɗaya na Zabarmawa, ɗaya na Fulani, ɗaya na Buzaye, ɗaya na Barebari. Yana iya sa a fassara saƙon sau biyar tun a ofis, a aika wa kowane gari takardarsa. Yana kuma iya rubuta takarda ɗaya da harshe ɗaya, ya aika ta ko'ina, muddin kowane gari yana da tafintan da zai karanta wa jama'a.

Haka abin yake ga manhaja, kuma lissafi yana nuna bambancin. A ce akwai manhaja 10 da na'ura iri 5. Ta hanyar farko, sai an yi juyi 10 sau 5, watau 50. In sabuwar na'ura ta fito, sai an ƙara juyi 10. Ta hanya ta biyu, ana juya kowace manhaja sau ɗaya zuwa wani harshe na tsakiya, juyi 10 ke nan. Sannan a yi wa kowace na'ura tafinta ɗaya, 5 ke nan. Duka 15. In sabuwar na'ura ta fito, tafinta ɗaya kawai za a ƙara.

Wannan tafinta ba mutum ba ne, manhaja ce. Da Faransanci sunanta machine virtuelle, watau na'urar kwaikwayo. Dalilin sunan shi ne, mai tsara manhaja yana yin rubutunsa kamar domin wata na'ura ce guda, wadda ba a taɓa ƙera ta da ƙarfe ba. Tafintan da ke cikin kowane talho shi ke kwaikwayonta. Yana karɓar umurni da harshen tsakiya, yana faɗa wa ƙwaƙwalwar talhon da harshenta. Tun shekarun 1970 an yi wannan dabara da harshen Pascal, wanda Niklaus Wirth ya ƙirƙiro a ƙasar Suwis.

Magana ta bakin tafinta ta fi ɗaukar lokaci, kowa ya san haka. Na'urar kwaikwayo ma da farko nawa gare ta. Daga baya aka koya mata wayo: duk jimlar da ta ga ana yawan maimaitawa, sai ta juya ta sau ɗaya ta ajiye, ba sai ta sake fassarawa ba. Wannan matsala an rage ta ƙwarai. Akwai wata wadda ta fi ta wuya. Dattawan Arewa da suka ga zamanin kumandan suna ba da labarinta: ba kullum abin da kumandan ya faɗa ne tafinta ke faɗi ba, kuma tafinta biyu ba su cika faɗin abu ɗaya ba.

Alkawarin Java

A 1991 wasu ma'aikatan kamfanin Sun Microsystems na Amurka, a ƙarƙashin James Gosling, ɗan ƙasar Kanada, suka soma tsara wani sabon harshe. Aka fito da shi a 1995 da sunan Java, sunan wani tsibiri na Indunusiya da ya shahara da kofi. Java ya zo da na'urar kwaikwayo tasa. Kamfanin ya yi alkawari babba: a rubuta sau ɗaya, ya yi aiki ko'ina.

Alkawarin yana da sharaɗi. Dole dukkan tafintocin su bi ƙa'ida ɗaya, kada wani ya ƙara, kada wani ya rage. Ba a daɗe ba aka karya sharaɗin. A 1996 kamfanin Microsoft ya karɓi izinin yin nasa tafintan Java domin Windows. Ya ƙara masa abubuwan da sai a Windows suke aiki, ya kuma bar wasu da ke cikin ƙa'ida. Wanda ya yi amfani da ƙarin, yana tsammani Java ya rubuta, ashe manhajarsa ba ta tashi sai a Windows. Sun ya kai ƙara kotu a watan Oktoba na 1997. A Janairu na 2001 aka sasanta, Microsoft ya biya dalar Amurka miliyan 20.

Java a ƙananan talho

Talhon salula ya shigo Nijar a 2001. A daidai wannan lokaci ne aka soma sa wa talho wani ƙaramin Java da ake kira Java ME. Manhajojinsa suna zuwa cikin fayil mai ƙarewa da .jar. Samarin da suka riƙe Nokia mai maɓallai suna tunawa da su: wasannin ƙwallo da na tseren mota, da Opera Mini na shiga intanet. A 2011 Facebook ya fito da manhajarsa ta Java, ya ce tana aiki a talho iri fiye da 2500.

A nan ne aka ga iyakar alkawarin. Da farko dai, ba kowane talho ke da tafinta ba. Nokia 3310 ba ta da shi. Nokia 1100 mai tocila, wadda ta cika ƙauyuka, ita ma ba ta da shi. Wasan maciji da ke cikinsu tun a masana'anta aka dasa shi, ba a tura wani. Masu tafintan kuma iliminsu ba ɗaya ba ne. Tafintan farko bai san lamba mai waƙafi ba. Ya san 2, ya san 3, amma bai san 2,5 ba. Sai ƙa'idar da ta biyo baya ce ta koya masa. Saboda haka wasan da ke lissafi da 2,5 yana aiki a sabon talho, ya ƙi tashi a tsoho, alhali dukansu an rubuta "Java" a jikin kwalinsu.

Sai maganar fuska. Fuskar talho ɗigo-ɗigo ce, ana ƙirga su a faɗi da tsawo. Wata 128 da 128 ce, wata 176 da 220, wata 240 da 320. Wasan da aka zana domin babbar fuska, in ya shiga ƙarama sai rabinsa ya ɓace. Wanda aka zana domin ƙarama, in ya shiga babba sai ya takure a kusurwa kamar tabarmar yaro a tsakar gida.

Abin da ya fi ban dariya shi ne maɓallan nan biyu da ke ƙarƙashin fuska, na hagu da na dama. Ƙa'idar Java ME ba ta ba su lamba ba. Kowane kamfani ya zaɓi tasa. A Nokia na hagu -6 ne, na dama -7. A yawancin Motorola -21 da -22 ne. Sai wasa ya buɗe, ya nuna "Fara", yaro ya danna har yatsa ya yi ciwo, ba abin da ya motsa. Wasan yana jiran -6, talhon yana aiko masa da -21. Wasu Nokia na farko kuma ba su karɓar fayil da ya wuce kilobayit 64, ko da kome nasa daidai ne.

Kamfanonin wasanni suka koma yin abin da aka ce an rabu da shi. Wasa ɗaya sai a yi masa kwafi da yawa, wani lokaci har ɗaruruwa, kowane da talhon da aka yi shi dominsa. Masu tsara manhaja suka juya alkawarin ya zama ba'a: a rubuta sau ɗaya, a yi ta gyara ko'ina. Mai turi a kasuwa shi ma dole ya koyi abin da idonsa. Kafin ya tura wasa, sai ya juya talhon ya duba irinsa da girman fuskarsa.

Daga baya talhon Sin masu araha suka shigo, masu layi biyu da babbar murya. Da yawansu ba su da Java sam. Wasunsu suna da wani tsari dabam na kamfanin MediaTek, mai fayil .vxp. Har Nokia 220 da 225, da suka fito a 2014, irin wannan tsari gare su. Suna Nokia ne, amma .jar ba ya buɗewa a ciki.

Android: harshe ɗaya, tafinta dabam

Talhon Android na farko ya fito a 2008. Kamfanin Google ya ce a rubuta manhajojinsa da harshen Java, domin mutane da yawa sun riga sun iya shi. Amma bai ɗauki tafintan Sun ba. Ya yi nasa, mai suna Dalvik, sunan wani ƙauyen masunta a ƙasar Aislan. Harshen tsakiya na Dalvik dabam yake. Shi ya sa tsohon wasan .jar ba ya buɗewa a Tecno ko itel mai Android, kuma fayil .apk na Android ba ya buɗewa a tsohuwar Nokia, ko da yake da Java aka rubuta su duka. A 2014 Google ya maye Dalvik da wani tafinta mai suna ART. Shi kuwa iPhone, tun fitowarsa a 2007 kamfanin Apple bai sa masa tafintan Java ba.

Wannan ma ya kai kotu. Kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010, a shekarar kuma ya yi ƙarar Google, ya ce an kwashi layi kusan 11.500 na Java ba da izini ba. Aka yi shekara goma sha ɗaya ana shari'a. Ran 5 ga Afrilu 2021 kotun ƙoli ta Amurka ta ba Google gaskiya.

Tsohon tafinta da sabuwar magana

Harshe yana girma. Tsohon da ya rasu kafin zuwan salula, in aka ce masa "caji" ko "layi", ba zai gane ba. Amma jikansa yana jin maganar kakansa. Haka na'urar kwaikwayo take: sabuwa galibi tana karanta tsohon rubutu, tsohuwa ba ta karanta sabo. A farkon kowane fayil na Java akwai lambar da ke nuna zamaninsa. Java 8 lambarsa 52, Java 17 lambarsa 61. In tafinta ya ga lambar da ta wuce tasa, ba ya ma gwadawa. Sai ya ƙi.

Android ma haka. Kowace manhaja tana ɗauke da bayanin mafi tsufan Android da ta yarda ta zauna a ciki. In talho ya gaza haka, sai ya ce ba a iya buɗe fayil ɗin. Akwai kuma wani tarko. Manhajoji da yawa, don su yi sauri, suna da wani sashe da aka juya kai tsaye zuwa harshen na'ura, ba ya bi ta bakin tafinta. Dangin ARM kansa kuwa ya kasu biyu, mai bit 32 da mai bit 64. Tun 2018 Play Store ya soma aika wa kowane talho sassan da suka dace da shi kaɗai, domin a rage cin data. Wanda ya sauko da manhaja da kansa ba ya ganin matsala. Amma wanda aka tura wa daga talhon wani, ta Xender ko Bluetooth, yana iya samun sashen da ba nasa ba, ko rabin kaya. A ƙauye kuwa turi ya fi yawa, domin data tsada gare ta, kuma ba ko'ina intanet ke da ƙarfi ba.

Abin ya wuce wasa. A Arewa gidaje da yawa suna da wani a ci-rani, a Yamai, ko Sakkwato, ko Legas, ko Kwatanu. Uwar da ba ta yi makaranta ba tana iya danna WhatsApp ta yi magana, ɗanta ya ji muryarta, ya aiko da tasa. WhatsApp ya taɓa zama a Nokia mai maɓallai, da Java ME aka yi shi. Riƙe kwafi dabam domin kowane irin talho aiki ne mai cin kuɗi, sai kamfanin ya yi ta yanke tsofaffin. Ya bar Nokia masu tsarin S60 a ƙarshen Yuni 2017. Ya bar masu S40 a ƙarshen 2018. Ran 24 ga Oktoba 2023 ya bar duk Android da bai kai 5.0 ba. Talhon bai fashe ba, batir bai mutu ba, kira yana shiga. Saƙon murya ne kawai ya tsaya. Mai gyara ba shi da abin yi, domin ba ƙarfe ne ya lalace ba. Kamfanonin da suka ƙera irin waɗannan talho sun daɗe da daina aiko musu da sabon tsari. Wanda aka yanke kuwa galibi shi ne mai riƙe da talhon da wansa ya bar masa, wanda sayen sabo sai ya sayar da akuya ko buhun gero.

Haruffa masu ƙugiya

Akwai wata matsala da ta shafi Hausa ita kanta. Na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A 1991 aka fito da wani babban jadawali mai suna Unicode, wanda ya ba haruffan duniya lambobi. A lambarsa 65. Haruffan Hausa masu ƙugiya suna ciki: Ɗ 394 ne, ƙ 409, ƴ 436, ɗ 599. Java tun farkonsa da wannan jadawali yake aiki. Saboda haka tafinta ya san lambar 394 sarai.

Amma sanin lamba dabam, zana harafi dabam. Zane aikin mai gida ne. Tafinta yakan ce masa: "Zana harafi na 394." In kamfanin da ya ƙera talhon bai sa hoton wannan harafi a ciki ba, sai talho ya zana ɗan akwati. Sunan gari ya fito □an Kassari. Yawancin Android na yanzu suna zana haruffan daidai, amma ƙananan talho masu maɓallai da yawa har yau akwati suke nunawa.

A 2009 da 2010 an yi wani shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services. Manya maza da mata suka koyi karatu da rubutu da Hausa ko Zabarmanci, aka kuma koya musu aika gajeren saƙo da talho. Maɓallan talhon wancan zamani ba su da ɓ, ba su da ɗ, ba su da ƙ. Mai rubuta saƙo da Hausa sai ya sa k a gurbin ƙ, mai karatu ya gane da kansa ko kafa ake nufi ko ƙafa. Ko a talhon da ya iya haruffan, akwai tsada. Gajeren saƙo yana ɗaukar harafi 160 in da haruffan Turawa aka rubuta shi. Da zarar ƙ ɗaya ta shiga, sai talho ya koma wani tsari, saƙon ya rage zuwa harafi 70. Abin da zai tafi a saƙo ɗaya sai ya tafi a uku.

Sautin farko na kalmar ƴaƴa kuwa, a Nijar da ƴ ake rubuta shi, a Nijeriya da 'y. Ɗan makaranta yana karanta su duka ba tare da tsayawa ba. A wurin na'ura, ƴ lamba ɗaya ce, 'y lambobi biyu ne. In aka sa ta neman ƴaƴa cikin littafin da aka buga a Zariya, sai ta ce babu, sai fa in mai tsara manhajar ya gaya mata tun farko cewa kalma ɗaya ce.